Jerin Waƙoƙi a Kwamfuta Diwani Ne: Ra'ayi Kan Zaɓen Manhajar Sauraro ga Mai Nazarin Waƙar Baka

Gabatarwa

A wani zaman kare kundin digiri na biyu da na halarta, ɗalibi ya kafa hujja da wani ɗa daga Bakandamiyar Mamman Shata. Ɗaya daga cikin masu jarrabawa ya ce bai san wannan ɗan a cikin waƙar ba, ya nemi a kunna a ji. Ɗalibin ya buɗe manhajar da yake sauraro da ita, taken waƙar yana nan cikin jeri, amma da ya latsa sai ta ce ba ta ga fayil ɗin ba. Ya shiga folda ya tarar da Bakandamiya har kashi uku, aka saurara, babu ɗan da ake nema ko a ɗaya. Babu wanda ya tuhume shi da ƙirƙira, domin kowa a zauren ya san Shata ya rera waƙar fiye da sau ɗaya, kuma makaɗin baka ba ya maimaita waƙa kalma da kalma. Sai dai babu hanyar da za a gaskata shi. Hujjar da ya gina babi guda a kanta ta tafi tare da wani filashi da ya daina aiki.

Tun daga ranar nake ganin cewa yadda muke jera waƙoƙi a kwamfuta, da manhajar da muke zaɓa don sauraronsu, al'amari ne da ya shafi ingancin bincikenmu kai tsaye. Ra'ayina shi ne, jerin waƙoƙin mai nazari ɗan'uwan diwani ne. Ya kamata a tsara shi da irin kulawar da ake tsara diwani, a kuma auna kowace manhaja da tambaya guda: idan na rabu da ita gobe, aikina zai biyo ni ko zai zauna a wurinta?

Mene Ne Jerin Waƙoƙi?

Jera waƙoƙi bisa wata manufa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai gabatar da shirin zaɓi-sonka a rediyo jeri yake yi. Mai shagon kaset da ke cika wa mai saye fuska biyu ta kaset mai minti 60 ko 90 shi ma jeri yake yi, haka masu tura waƙoƙi a memori a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da makamantanta. Bambancin da kwamfuta ta kawo guda ne, kuma shi ne mutane da yawa ba su lura da shi ba. A kaset, jeri da sauti abu ɗaya ne, wanda ya riƙe kaset ya riƙe duka biyun. A kwamfuta kuwa sun rabu. Fayil ɗin jeri ba ya ɗauke da sauti ko na daƙiƙa ɗaya, adireshi kawai yake ɗauke da shi, wato wurin da kowace waƙa take a cikin rumbun na'ura.

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne M3U, wanda ya shahara tare da manhajar Winamp da ta fito a 1997. Rubutu ne zalla, ana iya buɗe shi da Notepad a karanta: kowane layi adireshin waƙa ɗaya, wani lokaci da layi a samansa mai nuna tsawon waƙar da takenta. Adireshin kuma iri biyu ne. Akwai cikakke, wanda yake farawa da harafin rumbu, kamar E ko F, ya bi folda bayan folda har ya kai ga waƙar. Akwai kuma na kusa, wanda yake farawa daga inda fayil ɗin jerin kansa yake zaune. Idan jeri ya dogara da cikakken adireshi, to, ranar da kwamfuta ta sauya wa filashi harafi, ko aka sauya wa folda suna, jerin ya zama jerin sunaye kawai. Idan kuwa da adireshin kusa aka rubuta shi, aka ajiye shi a folda ɗaya da waƙoƙin, ana iya ɗauke foldar gaba ɗaya zuwa wata kwamfutar ya ci gaba da aiki.

Dalilin da ya sa na kira shi diwani shi ne, duk mai jeri yana yanke hukunci irin na mai tace matani. Yana zaɓen wane rerawa zai saka daga cikin da yawa, da wanda zai gabata, da abin da zai haɗa wuri guda. Wanda ya jera waƙoƙin fada na Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo domin kwatanta salon zuga ya riga ya faɗi wani abu kafin ya rubuta layi ɗaya. Wanda ya jera rerawa daban-daban na waƙa guda bisa shekarun ɗauka ya riga ya zana tarihin waƙar. Irin wannan aiki yana cin watanni, bai dace a bar shi ga ikon manhajar da ta zo a cikin kwamfuta ba.

Gurabun da Ba a Yanka Don Mu Ba

Sunan da manhaja take nunawa a allo ba daga sunan fayil kaɗai take ɗauko shi ba. A cikin fayil ɗin MP3 akwai wani sashe na bayanai da ake kira ID3. Sigarsa ta farko, ta 1996, ta ware haruffa 30 ga take, 30 ga mawaƙi, 30 ga kundin faifai, 4 ga shekara, sai lamba guda ga nau'in kiɗa. Ko sunan Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina ya fi ƙarfin gurbin. Siga ta biyu, wadda ta zo a 1998, ta kawar da matsalar tsawo, amma tunanin da ke bayan gurabun bai sauya ba. An yanka su ne don kasuwar faifai ta Turai da Amurka, inda ake da mawaƙi guda, da faifai mai suna, da lambar waƙa a cikinsa, da shekarar fitowa.

Waƙar baka ta Hausa ba haka take rayuwa ba. Abin da mai nazari yake buƙatar sani shi ne wa aka yi wa waƙar, a ina aka rera ta, a wane buki ko zaman fada, su wa suka yi amshi, da wane abin kiɗa, wa ya ɗauka, daga wace ma'adana aka samo. Jerin nau'o'in kiɗa na ID3 na asali guda 80 ne, a cikinsu akwai "Ethnic" da "Tribal", kuma a irin waɗannan ne za a zuba kotson Narambaɗa da kalangun Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos da ƙwaryar Barmani Choge idan aka bi tsarin yadda ya zo. Alhali masana sun daɗe da shimfiɗa mana rabe-rabe masu ma'ana. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamusunsu na kalmomin kiɗan Hausa tun 1971. Ayyukan Sa'idu Muhammad Gusau, irin su Jagoran Nazarin Waƙar Baka da Makaɗa da Mawaƙan Hausa, sun zama abin karantarwa a sassanmu. Muna koyar da bambancin makaɗan fada da na jama'a da na sana'a da na maza a aji, sannan mu koma ofis mu bar kwamfuta ta tara su a kwando ɗaya.

Rubutacciyar waƙa ma tana da tata matsalar. Imfiraji ta Aliyu Namangi ce, amma bakunan da suka rera ta suna da yawa. Idan gurbin "mawaƙi" kaɗai aka cika, ɗayan biyu zai ɓace, ko marubuci ko mai rerawa. A waƙoƙin fina-finai abin ya fi rikicewa, domin sau da yawa fayil yakan zo da sunan fim ko na jarumin da ya hau waƙar, a rasa sunan wanda ya rubuta da wanda ya rera. Wanda aka turo ta WhatsApp kuwa yakan sauka a waya da suna mai farawa da AUD, sai kwanan watan turowa da wata lamba. Ɗalibin da bai yi hattara ba zai iya ɗaukar wannan kwanan wata a matsayin shekarar waƙa.

Maganin yana nan cikin fasahar kanta. Siga ta biyu ta ID3 ta ba da damar ƙirƙirar gurabu na ƙashin kai, haka tsarin bayanai na fayilolin FLAC, inda mutum zai iya raɗa wa gurbi duk sunan da ya so. Ke nan babu abin da ya hana a buɗe gurbin UBANGIDA, da KAYAN KIƊA, da WURI, da MA'ADANA, da MARUBUCI. Abin tambaya shi ne ko manhajar da mutum ya zaɓa za ta nuna su, ta kuma yarda a yi bincike da su.

Haruffa Masu Lanƙwasa

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon kundi a kwamfutar da ba ta da font ɗin Rabi'at, ya ga "qasa" da "xaya" da "vata" sun cika shafi, ya san wannan ciwo. A bayanan waƙoƙi ma yana nan. Tsohon tsarin haruffa na Yammacin Turai, wanda ID3 na farko da tsohon M3U suka saba dogara da shi, ba shi da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Idan aka adana jeri da shi, Ɗanƙwairo yakan dawo da alamar tambaya a gurbin haruffa biyu, kuma idan a sunan fayil haruffan suke, adireshin ya lalace ke nan. Don haka aka samar da M3U8, wato M3U da aka rubuta da tsarin UTF-8 na Unicode, wanda yake ɗaukar haruffanmu duka. A ɓangaren ID3 kuma, siga ta 2.3 tana ɗaukar su ta hanyar UTF-16, ta 2.4 ta ƙara da UTF-8. Ta 2.3 ce tsofaffin na'urori suka fi ganewa.

Bayan nuna haruffa akwai jera su da nemo su. A abacadar Hausa ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. Manhajar da take jeri bisa lambar harafi a Unicode za ta tura Ɗan Anace da Ɗanƙwairo can bayan Z. Wajen nema kuma, wanda ya rubuta "Dankwairo" ba lallai ya ga abin da aka adana da "Ɗanƙwairo" ba. Ga kuma bambancin ƙa'idar rubutu tsakanin Nijeriya da Nijar, inda ɗaya take rubuta 'y ɗaya take rubuta ƴ, wanda zai bayyana duk ranar da sashe a Sakkwato ya yi musayar ma'adana da takwaransa a Yamai ko Damagaram. Shawarata ita ce a raba aiki biyu. Sunan fayil ya zama gajere da haruffa marasa lanƙwasa, tare da lambar ma'adana da ba ta sauyawa. Cikakken suna da ingantacciyar ƙa'idar rubutu su zauna a cikin bayanan fayil, a ƙara gurbi guda na rubutu marar lanƙwasa don sauƙin nema.

Wace Manhaja?

Ba na ganin akwai manhaja guda da ta isar wa mai nazari, kuma ba na ganin ana buƙatar hakan. Ayyukan uku ne: sauraro don juya waƙa zuwa rubutu, da tsara ma'adana, da gyara bayanai.

Wajen sauraro, VLC ta cancanci farin jinin da take da shi. Ta faro ne a matsayin aikin ɗalibai a wata makarantar injiniya ta Faris, aka sake ta kyauta da buɗaɗɗen lasisi a 2001. Tana buɗe kusan kowane irin fayil na sauti da bidiyo, ba ta buƙatar intanet. Tana da damar maimaita wani yanki tsakanin maki biyu da mutum ya zaɓa, abin da duk mai juya ɗiyan waƙa yake buƙata. Tana kuma rage saurin waƙa ba tare da ta sauke amon murya ba, wanda ke da muhimmanci ga harshe mai karin sauti kamar Hausa. Rauninta shi ne ba a gina ta don tsara dubban waƙoƙi da gurabu na musamman ba.

A nan ne foobar2000, wadda Peter Pawłowski ya fitar a 2002, ta yi fice. Tana karanta duk gurbin da mutum ya ƙirƙira, tana ba shi damar tsara allo da ginshiƙan da ya so, tana kuma iya gina jeri mai cika kansa bisa sharaɗi, misali duk waƙar da kayan kiɗanta kotso ne kuma ubangidanta basarake ne. Tana karanta takardar CUE, wadda take nuna inda kowace waƙa ta fara a cikin dogon fayil, don haka ana iya ajiye fuskar kaset sukutum ba tare da an yanka ta ba. Kyauta ce, amma ba buɗaɗɗiya ba ce, kuma nata tsarin jeri na FPL ba ya karantuwa da ido. Wanda ya zaɓe ta ya riƙa fitar da jerinsa zuwa M3U8. Mai son buɗaɗɗiyar manhaja da irin wannan ƙarfi ya duba Quod Libet. Wajen gyara bayanan fayiloli da yawa a lokaci guda, Mp3tag tana sauƙaƙa aiki.

Akwai abubuwan da ya kamata mai nazari ya kashe a kowace manhaja. Na farko shi ne cuɗanya jeri, domin tsarin shi ne hujjar. Na biyu shi ne narkar da ƙarshen waƙa cikin farkon mai bi mata, domin yana cinye mabuɗi da marufi, waɗanda su ma abin nazari ne. Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne barin manhaja ta ɗauko bayanai daga intanet ta rubuta a kan na mutum, ko ta sauya wa fayiloli suna da wuri da sunan tsara su. Rumbun bayanai irin na MusicBrainz 'yan sa-kai ne suke cika shi, abin da mutanenmu ba su shigar ba babu shi a ciki. Manhajar da ta yi ƙoƙarin cike gurbi da abin da ya fi kama tana iya shafe aikin shekara a dare ɗaya.

Abin da Za a Iya Cewa

Za a ce wannan wahala ce da zamani ya ɗauke, tunda ga YouTube da Audiomack da Boomplay, ga kuma Spotify da ta iso Nijeriya a 2021. Ba na musun amfaninsu, ni ma ta hanyarsu na fara jin wasu rerawa da ban san da su ba. Amma jerin da aka gina a can yana zaune ne a gidan wani. Mai ɗora waƙa yana iya sauke ta, kamfani yana iya rufe ƙofa. Microsoft ta daina hidimar sauraro ta Groove a ƙarshen 2017. Google ta rufe Play Music a 2020. A 2019 MySpace ta amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora mata tsawon fiye da shekara goma sun salwanta wajen sauya rumbu. A 2019 ɗin kuma Apple ta wargaza iTunes a kwamfutocinta zuwa manhajoji daban-daban. Kundin digiri ana sa ran a duba shi bayan shekara 30, babu ɗaya daga cikin kamfanonin nan da ya yi mana alkawarin hakan.

Za a kuma ce malamin adabi ba injiniya ba ne. Gaskiya ne, amma abin da ake nema bai kai wahalar koyon aruli ba. Magabatanmu da suka bi makaɗa gida-gida da rakoda sun koyi rubuta suna da wuri da kwanan wata a bayan kaset, kuma da wannan ɗan rubutu muke cin gajiyar aikinsu. Cike gurabu shida a kwamfuta shi ne rubutun bayan kaset na wannan zamani.

Batun haƙƙin mallaka shi ne ya fi nauyi, domin da yawa daga cikin makaɗan nan suna da magada, kuma Nijeriya ta sabunta dokarta ta haƙƙin mallaka a 2023. A nan ma rabuwar jeri da sauti alheri ce. Fayil ɗin M3U8 da jadawalin bayanai ba su ɗauke da muryar kowa, ana iya buga su a ratayen kundi ko a shafin mujalla. Sautin kansa ya zauna a ma'adanar sashe, a saurare shi bisa ƙa'ida.

Saura batun wuri. Minti guda na MP3 mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabayit 1, na WAV mai ingancin faifan CD kusan 10, FLAC kuwa yakan rage wannan zuwa kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba. MP3 zubar da wani ɓangare na sauti yake yi, kuma duk sake juya shi ƙarin asara ce. Saboda haka kaset ɗin da ba shi da na biyu a juya shi zuwa WAV ko FLAC a ajiye a matsayin uwa, a ciro MP3 daga gare shi don aikin yau da kullum. Kada a yanke gabatarwar mai shela ko hirar da ta gabaci waƙa, sau da yawa a nan ne kaɗai ake jin wuri da lokaci.

Kammalawa

Abin da nake kira gare shi ƙarami ne, kuma yana hannunmu. Sassan Hausa da cibiyoyin nazarin harsuna su zauna su amince da gurabu kaɗan da kowa zai riƙa cikewa, da sunayensu na Hausa, da tsarin lambar ma'adana. Duk kundin da ya yi nazarin waƙa ya zo da folda guda mai ɗauke da rerawar da aka yi aiki da ita da jerinta na M3U8 mai adireshin kusa, a ajiye kwafi biyu a wurare biyu. Kafa hujja da ɗan waƙa ya zo da lambar fayil da minti da daƙiƙa, kamar yadda ake kawo shafi a littafi. Mujallu irin wannan su nemi haka daga marubuta.

Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Waɗanda suka halarci wuraren da aka rera waƙoƙin, suka san wa ake wa habaici da dalilin yin sa, suna raguwa kowace shekara. Abin da ba a tambaye su aka rubuta a jikin fayil ba yanzu, manhaja ba za ta samo shi daga baya ba. Kafin mutum ya amince da kowace manhaja, ya gwada ta da waƙa ɗaya: ya rubuta Ɗanƙwairo da haruffansa, ya buɗe gurbin ubangida ya cika, ya adana jeri, ya ɗauki foldar zuwa kwamfutar abokin aikinsa. Idan komai ya iso lafiya, ya riƙe ta. Idan wani abu ya maƙale a hanya, ya nemi wata tun waƙoƙin nasa ba su kai dubu ba.